Palan mai tan 2 da ke aiki a garejina: birkinsa ya cika, harshen ƙugiyarsa bai cika ba

Abokan sana'a da ke leƙo garejina a kan hanyar Dan Issa suna yawan tambayata ko palan ɗin nan, wato na'urar ɗaga kaya masu nauyi mai sarƙa, irin na ja da hannu, ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce e, ya cancanta, amma ga wanda zai kula da shi kawai.

Ƙirar Sin ne, mai ɗaukar tan 2, wato nauyin buhu 40 na siminti. A wani shagon kayan ƙarfe kusa da babbar kasuwar Maradi na saye shi. Yana ɗaga kaya har mita 3, sarƙar kayan kuma mai kaurin milimita 6 ce, ta sauko layi biyu zuwa ƙugiyar ƙasa. Na Japan irin su Kito sun fi shi kyan ƙarfe, ba gardama, sai dai kuɗinsu ba na ƙaramin gareji ba ne. Aikinmu ciro injin Hilux da Hiace ne, wani lokacin janareta ko injin niƙa, duk ba su kusanci tan 2 ba. Da gangan na sayi wanda ya fi ƙarfin aikina.

Abin da ya fi burge ni birkinsa ne, kuma shi ne ran palan. Idan kana jan sarƙar hannu kaya na hawa, za ka ji ƙas ƙas ƙas, ɗan ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙoran wani faifai yana hana shi komawa baya. Ka saki hannu, nauyin kayan da kansa ke matse fayafayan birki, kaya su tsaya cak. Wajen saukewa babu wannan ƙara, kana ja ne birki na ɗan saki yana sake kamawa. Na wannan palan ɗin bai taɓa zamewa ba. Duk da haka kullum sai mun gwada: mu ɗaga inji kamar taƙi ɗaya daga mazauninsa, mu tsaya, in sa alli a kan sarƙa daidai bakin murfi, mu jira kaɗan. In alamar ta motsa, aiki ya tsaya ke nan. Ranar da ka ja ba ka ji ƙas ƙas ba, sauke kayan a hankali ka buɗe murfin.

Inda ya gaza shi ne harshen ƙugiya, ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke rufe baki don kada igiya ta zame. Siriri ne ƙwarai, bai daɗe ba ya lanƙwashe. Na koma shagon na ce, "Alhaji, harshen nan fa ya mutu." Ya ce, "Maigida, ai kowa cire shi yake, aiki ya fi sauri." Ban ji daɗin wannan magana ba, domin shi ke sayar wa mutane, maganarsa kuma ana ɗauka. Amma in faɗi gaskiya, ya nemo mini wani daga tsohon palan, bai karɓi ko dala ba. Na biyu, kwalin ya zo babu takardar bayani, sai ɗan allon ƙarfe a jiki mai nuna tan 2. Shi ya sa tun yana sabo na auna faɗin bakin ƙugiyoyin biyu, ta sama da ta ƙasa, na rubuta a bango. In bakin ya fara buɗewa, an yi masa lodin da ya wuce kima, kuma magani shi ne sabuwar ƙugiya. Ba a bubbuga ta da guduma, ba a sa mata wuta.

Haka ma sarƙar. Ƙarfenta an gasa shi ne a masana'anta ta hanya ta musamman, zafin walda na lalata wannan ƙarfin. Na ga wurare da dama an haɗa gaɓar da ta tsinke da walda ko da noti, raina ya ɓaci, don yaran mutane ne ke tsugune a gefen wannan kaya. Gaɓar da ta ci har kashi 10 cikin 100 na kaurinta ya tafi, ko ta miƙe, ko ta tsage, sarƙar duka ake canzawa. Wurin da za ka duba shi ne inda gaɓa ke gugar 'yar uwarta, nan take ci. Kuma da yake layi biyu ne, ƙugiyar ƙasa kan kifa ta tsakanin sarƙoƙin idan an jefar da palan a ƙasa, sai sarƙa ta murɗe ba ka lura ba. Kafin ka ɗaga, bi layin da ido ka ga tabon haɗin gaɓoɓin na fuskantar gefe ɗaya.

Babban abokin gabarsa a garin nan rairayi ne. Lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da mai ta zama kamar sandfefa tana cin gaɓoɓi. Mukan wanke sarƙar kaya da gazuwal, mu goge ta bushe, mu shafa mata man inji sabo kaɗan, haƙoran ciki kuma giris. Fayafayan birki kuwa, ko ɗigo kada ya taɓa su, a bushe suke aiki. Da an tashi aiki sai a rataye shi cikin rumfa, sarƙar a cikin bokiti, ba a ƙasa ba. Da damina ma wannan ke hana tsatsa.

Dokokin da na kafa wa yarana ba su da yawa. Mutum ɗaya ke jan sarƙar hannu; in sai an taru biyu ko uku kafin kaya su motsa, ko lodi ya yi yawa, ko akwai notin da ba a kwance ba. Ba a naɗe inji da sarƙar palan a maƙalo ƙugiya a jikinta, akwai igiyar ɗaukar kaya don haka, kuma ta zauna a tsakiyar ƙugiya, ba a tsininta ba. A miƙe ake ɗagawa, ba a jawo kaya daga gefe. Ba wanda ke sa kai ko hannu ƙarƙashin injin da ke lilo, kuma ba a tafiya salla a bar shi a sama, sai an sauke shi kan taya ko katako.

Wanda zai saya ya fara duba inda zai rataya shi. Tan 2 da ke rubuce a jikin palan bai shafi reshen dogon yaro ko bututun rumfarka ba. Ni sai da na sa aka haɗa mini ƙafafu na ƙarfe mai kauri da gindi mai faɗi, kuɗinsu ya kusa na palan ɗin. A shago kuma kada ka karɓa a kwali. Sa a rataye shi, a ɗora masa abu mai nauyi, ka ja ka ji ƙarar, ka sauke ka ga ya kama, sannan ka danna harshen ƙugiyoyin biyu da yatsa ka ga sun koma da kansu.