Bita, Ƙwararre ko Makaranta: Ina Ya Kamata Ƙungiya Ta Sa Kuɗin Gyaran Gidanta?

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, har ta kai ga rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafin raya ƙasashe, a cikin shekarar, kuɗin da ke zagayawa tsakanin ƙungiyoyi masu zaman kansu ya ja baya, alhali masu nemansa ba su ragu ba. A Jihar Katsina, inda matsalar tamowa, yaran da ba sa zuwa makaranta da 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a yankunan Jibiya, Batsari, Safana da Faskari suka tara wa ƙungiyoyi aiki, masu ba da tallafin da suka rage sun ƙara tsaurara bincike kafin su saki ko sisi. Wannan ya sa shugabannin ƙungiyoyi da yawa ke neman inda za su ƙarfafa shugabanci da tsarin gudanarwarsu, masu sayar da wannan hidima kuma sun yawaita. Da yake abin da ƙungiya za ta iya warewa bai taka kara ya karya ba, dole a auna hajar kowa kafin a biya.

Matakin farko ba ya cin kuɗi, kuma shi aka fi tsallakewa: ƙungiya ta zauna ta gano ainihin inda ke yi mata ciwo. Akwai jadawalin auna ƙarfin ƙungiya da aka fi sani da OCA, wanda ake samu kyauta a intanet, yana bin shugabanci, kuɗi, ma'aikata, gudanar da ayyuka da sauransu, a ba kowane fanni maki. Akwai kuma tambayoyin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF, UNDP da UNFPA ke amfani da su a ƙarƙashin tsarin HACT idan za su tantance ƙungiyar da za su miƙa wa kuɗi, kuma sanin su yana da muhimmanci a nan, tun da ofishin UNICEF na Kano ne ke kula da Katsina. Tambayoyin ba su da wani sirri: wa ke amincewa da kashe kuɗi, wa ke biya, wa ke rubutawa a littafi, shin mutum ɗaya ne ke yin duka ukun, ina rajistar kadarori, ta yaya ake zaɓen ɗan kwangila. Idan shugaba, ma'aji, sakatare da wasu daga cikin amintattu, wato waɗanda aka yi rajistar ƙungiyar da sunayensu, suka ba da yini guda suka amsa su tsakani da Allah, za su san abin da ya kamata su saya. Ƙungiyar da ta tsallake wannan mataki takan zama kamar mai ciwon ciki da ya sayi maganin ido don kawai shi ake talla a kasuwa ranar.

Hajar da aka fi tallatawa ita ce bita ta kwana biyu ko uku a ɗakin taron otal, a Katsina, Kano, Kaduna ko Abuja. Amfaninta a bayyane yake: tana da sauri, tana haɗa mutum da takwarorinsa, kuma ga wanda bai taɓa jin yadda ake tsara kasafin aiki ko rubuta takardar neman tallafi ba, tana buɗe masa ido. Amma a ganina ita ce aka fi yin asara a kanta. Kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne a mota, masauki, abinci da alawus, abin da kan ƙara nauyi ga ƙungiyar da ke Daura, Zango ko Funtuwa, ilimin kuma yana shiga kan mutum ɗaya ne, wanda sau da yawa shi ne shugaban da kansa, ko da darasin ya shafi aikin akanta. Ya dawo da jaka da satifiket, ofis kuma ya ci gaba da tafiya yadda ya bar shi. Saboda haka kafin a biya kuɗin bita, a nemi jadawalin darussan a rubuce, a tambayi ko mai koyarwar ya taɓa riƙe ƙungiya ko littafin kuɗinta da hannunsa, a tambayi da wane harshe za a yi bayani, domin ma'ajin da ya fi sakewa da Hausa ba zai ƙaru da yini uku na Turancin da ake zubawa a guje ba. A kuma tura wanda aikin ya shafa, tare da sharaɗin cewa idan ya dawo zai koyar da sauran, ya kuma kawo canji ɗaya takamaimai da za a aiwatar cikin wata guda. Bitar da babban abin da ake tallata ta da shi shi ne kyan satifiket ko girman otal, a bar ta.

Zaɓi na biyu shi ne ɗaukar ƙwararre ya zo ofishinku ya yi aiki tare da ku. Ya fi bita tsada a karon farko, amma idan an dace da mutumin kirki ya fi ta barin alheri, domin yana duba takardunku ne na gaske, yana ganin inda rasit ya ɓace da inda aka biya kuɗi babu sa hannun kowa. Haɗarinsa kuma sananne ne. Akwai masu ɗauko kundin manufofin wata babbar ƙungiya ta Legas ko Abuja, su canza suna da tambari, su miƙo muku littafi mai kauri da ke maganar sashen saye-saye da sashen binciken cikin gida, alhali ku duka ma'aikatanku ba su cika benci ɗaya ba. Irin wannan kundi ya fi rashinsa illa, saboda ranar da mai tantancewa ya zo zai auna ku ne da abin da kuka rubuta cewa kuna yi, ya kuwa tarar ba ku yi.

Maganin wannan yana cikin yarjejeniyar da za a rubuta. A fayyace abin da ƙwararren zai bari a ofis, misali kundin kuɗi da ya yi daidai da yawan ma'aikatanku, baucan biyan kuɗi da aka fara amfani da shi, da tsarin aikin shekara uku da amintattu suka tattauna suka amince da shi a zaman da aka rubuta bayaninsa. A raba biyan kuɗin kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe har sai ya dawo bayan wata biyu ko uku ya duba ko ana bin tsarin. A nemi sunayen ƙungiyoyi biyu da ya yi wa aiki, a je a gani da ido, domin gani ya kori ji. A kuma tuna cewa doka ta ɗora wa ƙungiya cire harajin da ake riƙewa daga kuɗin irin wannan aiki ta miƙa wa hukuma, don haka a daidaita a kai tun farko, kada a zo biya a yi ta ja-in-ja. Wanda ya ce zai rubuta muku takardar neman tallafi a ba shi kaso daga abin da aka samu, ba gyaran ƙungiya yake sayarwa ba, kuma galibin masu ba da tallafi ba su yarda a biya irin wannan kaso daga kuɗinsu ba.

Idan kuwa kuɗin bai isa a yi abu biyu ba, ra'ayina shi ne a fara da akanta da odita, wato mai binciken kuɗi daga waje. Wannan ba ya kama da horon shugabanci a ido, amma babu abin da ke tilasta wa shugaba ya gyara tafiyarsa kamar sanin cewa wani zai zo ƙarshen shekara ya bi kowace naira. Ƙaramar ƙungiya ba sai ta ɗauki akanta na dindindin ba. Za ta iya yin jinga da wanda zai riƙa zuwa wasu kwanaki a wata yana daidaita littafi da takardar banki. Odita kuma dole ya zama daban da shi, ya kasance mai lasisin aiki, ɗan ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na ƙasa, kuma kada ya zama ɗan'uwa ko surukin shugaba, komai amanarsa. Doka ma tana goyon bayan wannan zaɓi. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC su miƙa bayanan shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, sashe na 839 kuma ya bai wa hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka samu almundahana ko rashin iya gudanarwa. Ga lambar haraji, ga harajin albashin ma'aikata da ke zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ga takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan, kuma ba ta da rahoton odita na shekarun baya, takan faɗi tun a zagayen farko na tantancewa, ko da shugabanta ya cika bango da satifiket.

Darussan intanet su ne mafi araha. Dandalin Kaya na Humanitarian Leadership Academy da DisasterReady da NonprofitReady duk suna da kwasa-kwasai kyauta a kan gudanar da aiki, kuɗi, kare mata da yara da shugabanci, Kaya kuma yana da darussa da Larabci da Faransanci bayan Turanci, abin da zai yi wa malaman da ke riƙe da ƙungiyoyin marayu da na Islamiyyu daɗi. Littafin Project DPro na gudanar da ayyukan raya al'umma ana sauke shi kyauta, jarrabawar ce kawai ake biya wa. Cikas ɗin shi ne data, wuta da naci, domin da yawa kan fara su watsar a darasi na biyu. Dabarar da ta fi aiki ita ce a mayar da shi karatun taro: a ware awa biyu a mako, a taru a kan kwamfuta ɗaya, wani ya riƙa fassarawa, a tsaya a gwada darasin a kan aikin da ke hannu.

Sai karatu mai tsawo. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Jami'ar Al-Qalam, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna koyar da fannonin gudanarwa da lissafin kuɗi, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma tana da cibiya a Katsina ga wanda ba zai iya barin aiki ba. Wannan karatu yana gina mutum sosai, sai dai an tsara shi ne domin aikin gwamnati da kamfanoni, ba zai koya wa ɗalibi yadda ake rahoto ga mai ba da tallafi ba, kuma takardar ta mutumin ce, ranar da ya samu aiki mafi tsoka zai tafi da abarsa. Idan ƙungiya za ta biya, to a rubuta cewa zai yi mata aiki na wani lokaci bayan ya gama. Akwai cibiyoyin da suka keɓanta ga wannan fanni, kamar WACSI da ke Accra a Ghana, da shirin shugabancin ƙungiyoyi na Lagos Business School, kuma iliminsu ya fi kusa da buƙata, amma kuɗinsu da na tafiya sun fi dacewa da ƙungiyar da ta riga ta tsaya da ƙafarta, ko wadda mai tallafa mata ya yarda ya saka a kasafin aiki. Da yawa ba sa tambayar wannan, alhali lokacin tattauna kasafi ne ya fi dacewa a nemi a ware wani abu don ƙarfafa ƙungiya.

Akwai hanyar da ba a talla, wato a nemi tsohuwar ƙungiya da ta saba wucewa tantancewa a Katsina ko Kano, a tura akanta ya zauna da nasu na mako guda. Shiga gamayyar ƙungiyoyi, ta jiha ko ta ƙasa irin NNNGO da aka kafa a 1992, na sauƙaƙa samun wannan, ko da yake ba kowa ke son buɗe littafinsa ga wanda gobe za su nemi tallafi ɗaya ba. Manhajar lissafi kuwa a jinkirta sayenta. QuickBooks ba ta gyara rasit ɗin da ba a karɓa ba, Excel ta ishi mai aiki ɗaya ko biyu, KoboToolbox kuma na da tsarin kyauta don tattara bayanai a ƙauyuka.

Abin da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai iya sayar muku shi ne kwamitin amintattu mai rai. A ƙungiyoyi da yawa an sa sunayen manyan mutane ne don albarka, ko sunayen iyali don a cika takardar rajista, ba su taɓa zama sun ga kasafi ba, kuma kunya da girmamawa na hana ma'aikaci ya ce wa Alhaji ko Hajiya da suka kafa ƙungiyar ga inda aka kauce. A nan ne ƙwararren da ya zo daga waje ke da rana, domin yana iya faɗin abin da na gida ba zai iya ba, matuƙar amintattu ne suka ɗauke shi kuma su zai miƙa wa rahoto, ba shugaban gudanarwa kaɗai ba. Idan binciken farko ya nuna nan ne ciwon yake, to kuɗin ya tafi wajen gyara kundin tsarin mulki, sanya wa'adin amintattu, da shigo da wanda ya san kuɗi da wanda ya san doka da mace ko matashi daga al'ummar da ake yi wa aiki. Canza amintattu a hukumance yana bi ne ta CAC, da shawarar babban taro, da sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, saboda haka a saka kuɗin lauya da na jarida a cikin kasafi, a kuma fara da wuri idan akwai tantancewar da ake jira.