Kwana biyu da injiniyan da ya gyara mana rauta a Jos ba tare da ya sayar mana da sabuwa ba

Ni ne nake kula da wata cibiyar koyar da kwamfuta a cikin garin Jos, inda ɗalibai suke zuwa koyon aiki da kuma atisayen jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Muna da kwamfutoci kusan 60 a ɗakuna biyu, dukkansu kuma ta kan rauta guda ɗaya suke fita intanet, wato Cisco 2911 da muka saya ta hannu shekarun baya. Abin da zan bayyana a nan shi ne ra'ayina game da aikin da wani ƙaramin kamfanin gyaran na'urorin sadarwa da ke kusa da titin Ahmadu Bello ya yi mana a hunturun da ya wuce, domin na san akwai makarantu da asibitoci da shagunan intanet da yawa a Filato da suke fama da irin abin da ya dame mu.

Matsalarmu ba ɗaukewar intanet ba ce, da ma ita ce da ta zo da sauƙi. Da safe komai yana tafiya daidai, amma da zarar ɗalibai sun cika ɗakunan sai shafuka su riƙa buɗewa rabi da rabi, darasin bidiyo ya riƙa tsayawa, fayil ƙarami ya ɗauki mintoci yana sauka. Mun kira kamfanin da ke ba mu intanet sau da dama, su kuma suka dage cewa layinsu lafiya lau yake. Wani mai gyara da muka fara kawowa ya kashe rautar ya kunna, ya ga abin ya ɗan lafa, sannan ya yanke hukuncin cewa ta tsufa, a sayi sabuwa. Har na fara neman kuɗin kafin wani abokin aiki ya ba ni shawarar in gwada waɗannan mutane.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Sun yi alkawarin injiniyansu zai iso ƙarfe tara na safe, amma sai gab da azahar ya zo, kuma babu wanda ya kira ya sanar da ni cewa za a makara. Ga mai kula da wurin da ɗalibai suka biya kuɗin sa'o'insu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na faɗa musu hakan.

Amma daga lokacin da ya zauna, sai na ga bambanci. Matashi ne mai ƙarancin magana, ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka da shuɗiyar wayar nan ta Cisco da ake shiga na'urar da ita kai tsaye, da kuma ƙaramar na'urar gwajin kebul. Ɗaya daga cikin yaranmu ya miƙa hannu zai kashe rautar kamar yadda muka saba, sai injiniyan ya dakatar da shi, ya juyo gare ni ya ce, “Yallaɓai, don Allah kada a kashe ta. Duk abin da ya faru da ita yana rubuce a cikinta, idan aka kashe ta an goge mana shaida.” A nan na gane cewa watanni muka yi muna shafe sawun matsalar da hannunmu, domin ƙididdigar kurakuran da rauta take ajiyewa tana komawa sifili duk lokacin da ta sake tashi.

Ya buga umarnin show interfaces, wanda yake nuna halin da kowace kafa ta rautar, wato wurin da ake soka kebul, take ciki, ya juyo da allon domin in gani. A kafar da take zuwa ɗakin kwamfutoci na biyu, adadin kurakuran da ake kira CRC ya kai dubbai. Ya yi mini bayani cewa kowane ƙunshin bayanai da ke tafiya a cikin kebul yana ɗauke da wani lissafi a ƙarshensa, mai karɓa kuma yakan sake yin lissafin, idan bai yi daidai da na mai aikawa ba sai ya san ƙunshin ya lalace a hanya, ya yar da shi, daga baya a sake aiko shi. Yawanci, in ji shi, irin wannan kuskure ba daga ƙwaƙwalwar na'ura yake ba, daga waya yake, ko kan waya, ko kafar da ta sami rauni. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yarda da adadin haka nan ba. Ya rubuta shi a takarda, ya goge ƙididdigar da umarnin clear counters, ya jira minti goma sha biyar ɗalibai suna aiki, sannan ya sake dubawa domin ya tabbatar kurakuran suna ƙaruwa yanzu ne, ba tsohon tarihi ba ne. Suna ƙaruwa kuwa.

Muka bi kebul ɗin da ƙafa. Ashe wanda ya shimfiɗa mana shi tun farko ya zagaya da shi ta bayan gini, ya ɗaure shi a jikin wayar janareta na tsawon mitoci masu yawa, kuma da aka auna tsawonsa ya haura mita 100, wadda ita ce iyakar da aka ƙayyade wa irin wannan kebul na Ethernet. Sai injiniyan ya yanko ɗan guntu, ya fere silin waya ɗaya da wuƙa a gabana. Jan launin da ke sama ya kankare, fari ya bayyana a ƙasa. Alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, alhali a jikin kwalin an rubuta Cat6, mu kuma kuɗin na jan ƙarfe zalla muka biya. Har yanzu ina ajiye da guntun a cikin durowa, ina nuna wa duk wanda ya ce mini zai sayi kebul mai araha.

A kafar da take fuskantar kamfanin intanet kuwa, wata matsala ce daban. Kafar tana aiki a kan megabit 100, amma cikin tsarin da na'ura ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda, sai dai ɗaya bayan ɗaya, ga kuma adadi mai yawa na karon da bayanai suke yi da juna a makare, wato bayan an riga an aika bayit 64 na farko. Dalilin, kamar yadda ya bayyana, shi ne an ɗaure na'urar kamfanin da hannu a kan cikakken tsarin aikawa da karɓa, tamu kuma an bar ta ta zaɓa da kanta, kuma a irin wannan hali na'ura tana iya gane saurin layin amma sai ta koma tsarin ɗaya bayan ɗaya. Da safe da ba a cika aiki ba, ba a lura. Da rana kuwa ɓangarorin biyu suna magana a kan juna. Ya kira injiniyan kamfanin, suka daidaita kafafun biyu a kan tsari ɗaya cikin 'yan mintoci. Ban ji ya zargi kowa ba a wayar, tambaya kawai ya yi game da yadda aka saita tasu kafar, kuma ina ganin wannan ladabin ne ya sa aka saurare shi da wuri.

Da na ɗauka an gama, sai ya ce mini saura babba, domin ya lura rautar tana jinkiri ko wajen amsa abin da yake bugawa. Washegari ya dawo da rana tsaka, lokacin da ɗakunan suka cika, ya buga show processes cpu sorted. Layin farko ya nuna nauyin furosesa, wato ƙwaƙwalwar rautar, a daƙiƙa biyar da suka wuce da lambobi biyu, 96 da 30 cikin ɗari, tare da matsakaicin minti ɗaya da na minti biyar. Ya ce a tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu labarin yake. Ta farko ita ce jimillar nauyin, ta biyu kuma ita ce abin da ake kashewa wajen tura bayanai ta hanya mai sauri. Da a ce lambobin suna kusa da juna, da sai a ce zirga-zirgar ce ta fi ƙarfin na'urar, kuma mai cewa a sayi sabuwa yana da gaskiya. Amma tazara mai faɗi tana nufin wasu ayyuka ne a ciki suke cinye ƙarfin, ga su kuma a saman jerin: IP Input da ARP Input.

Na roƙe shi ya sauƙaƙa mini, sai ya kawo misalin tashar mota ta Bauchi Road. A tasha mai tsari, ɗan kamasho ya riga ya san motar da take zuwa kowane gari, fasinja yana isowa ya nuna masa ya wuce. Wannan shi ne aikin tsarin da Cisco take kira CEF, wanda yake shirya jadawalin hanyoyi tun kafin bayanai su iso. A rautarmu wani ya kashe shi, ya kuma adana saitin a haka, don haka kowane fasinja sai ya shiga ofishin shugaban tasha an duba littafi kafin a faɗa masa motarsa. Matsala ta biyu kuma, wadda ta shafi ARP Input, ta fi ɓoyuwa. Hanyar fita ta gama-gari, wadda ya kamata ta nuna adireshin na'urar kamfanin intanet, an rubuta ta tana nuna sunan kafar kawai. Sakamakon haka rautar tana ɗaukar kowane adireshi na intanet a matsayin maƙwabci da ke kan waya ɗaya da ita, tana tambayar wane ne mai shi, na'urar kamfanin kuma tana amsawa a madadin kowa. Da ya buɗe jadawalin ARP, inda rautar take rubuta adireshin maƙwabtanta, wanda bai kamata ya wuce adadin na'urorinmu da kaɗan ba, sai ga layuka dubbai suna gangarowa ba iyaka.

Kafin ya taɓa komai ya kwafi tsohon saitin ya ajiye, ya kuma nemi izinina ya jira ɗalibai su tashi sallar la'asar. Layi biyu ya gyara, ya share jadawalin, sai nauyin furosesa ya sauko ƙasa da 30 cikin ɗari, ya kuma zauna a nan bayan ɗaliban sun dawo. Ban taɓa ganin ɗakunan nan biyu suna aiki tare cikin natsuwa irin ta wannan yammaci ba.

Game da kuɗi, abin da muka biya na aikin da sabon kebul na jan ƙarfe bai kai ko kusa da farashin wata rautar ba, kuma ina ganin ya cancanta. Sai dai ba su faɗa mini tun farko cewa kwana na biyu yana da nasa kuɗin ba, sai a takardar biya na gani, kuma rahoton da suka yi alkawarin rubuto mini ya ɗauki fiye da mako biyu, sai da na yi ta tuni. Kamfanin da yake da injiniya irin wannan bai kamata ofishinsa ya riƙa zubar masa da daraja a kan abubuwan da kiran waya ɗaya zai magance ba.

Duk da haka ina ba duk mai irin matsalarmu shawarar ya neme su ko ire-irensu, ya kuma lura da abin da mai gyara zai fara yi idan ya zo: karanta ƙididdiga ne ko kashe na'ura. Injiniyan bai ɓoye mini raunin rautarmu ba. Ya ce Cisco ta daina sayar da wannan samfuri tun 2017, ta kuma daina tallafa masa a ƙarshen 2022, saboda haka babu sabbin gyare-gyaren tsaro, kuma idan muka ƙara ƙarfin layinmu sosai, lamba ta biyun nan ta nauyin furosesa ce za ta hau, a lokacin kuwa babu saitin da zai cece mu. Ya koya wa yaronmu duba kafafun kowace Litinin yana rubutawa a littafi, kuma zuwa yanzu kurakuran CRC suna kan sifili. Mun kuma yi da su za su dawo kafin damina su duba wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa da na'urar kariya daga tsawa, domin kebul ɗin da ke gangarowa daga eriyar kan rufinmu har yanzu ba shi da wata kariya.