Agogon ECG ko ta yatsa? Amsata ga Hajiya

Hajiya salamu alaikum, kin tambayi wanne za ki saya tsakanin agogon ECG (gwajin da ke zana bugun zuciya) da ƙaramar na'urar ECG ɗin nan da ake ɗora yatsu a kai, ki saya wa Baba ta yatsa kawai.

Ni irin ta yatsan gare ni, KardiaMobile sunanta, saboda mamata na saya. Cikin dare zuciyarta sai ta kama dakan uku-uku, gari na wayewa mu hau trotro daga Nima zuwa asibiti a manna mata wayoyin ECG ɗin nan 10, takarda ta fito lafiya lau, har ƙannena suka fara cewa tunani ne ke damunta. Ashe abin zuwa yake ya tafi, kafin mu isa ya lafa. Ran nan bayan isha'i ya taso mata, na ɗora yatsunta kan ƙarafan biyu, daƙiƙa 30 sai ga zane a wayata. Na mai lafiya za ki ga ɗan tudu ƙarami, P suke ce masa, sannan dogon tsini, tazararsu daidai kamar takun soja. Nata kam babu tudun sam, layin sai karkarwa yake, tsinin wani kusa wani nesa, bugun kuma ya haura 100 a minti. Da muka nuna wa likitan zuciya a asibitin Korle Bu da ke Accra ya sake nasa gwajin, ya ce AF ce, wato ɗakunan saman zuciya rawa suke maimakon su matsa, jini kan iya daskarewa a ciki ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Yanzu tana kan maganin tsinka jini, alhamdulillahi.

Agogo na gaske irin Apple Watch shi ma yana yi, ban ce ba, amma ga tsada ga caji kullum.

Ki kiyayi masu sayarwa fa. Kafin wannan wani yaro a Circle ya sayar min da agogo an rubuta ECG ɓaro-ɓaro a kwali, na cire na ajiye kan tebur wallahi ya ci gaba da ƙirga bugu, tebur ma ya yi zuciya! Koren hasken bayan agogo ba ECG ba ne, na gaske sai kin taɓa shi da yatsan ɗaya hannun.

Kuma duka biyun ba sa gano toshewar jijiyar zuciya. In Baba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi yana zufa, ki bar na'ura ki nemi tasi. Allah ya ba shi lafiya.