ZonaStat-H: allurar hana goɗiyoyin jeji haihuwa, da iyakar amfaninta ga barewa a hunturu

ZonaStat-H allura ce da ake yi wa goɗiyoyin jeji a yammacin Amurka don kada su ɗauki ciki. Cibiyar Science and Conservation Center da ke Billings a jihar Montana ce ke haɗa ta, daga furotin da ke lulluɓe da ƙwan mahaifar alade, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi mata rajista a 2012. Jikin goɗiya kan ɗauki furotin ɗin a matsayin baƙo, ya samar da garkuwa, garkuwar ta manne wa ƙwanta, maniyyi ya rasa mashiga. In an yi ta daidai, kusan goɗiya 9 cikin 10 ba sa ɗaukar ciki a shekarar. Wadda ke da ciki kuma ba ta ɓari.

Wajen gauraya ta kafin a harba ne ake yawan ɓata ta. Maganin na zuwa a daskare, maikirogiram 100 cikin rabin mililita. Sai ya narke a gauraya shi da rabin mililita na wani mai da ke zaburar da garkuwar jiki, a riƙa tura su tsakanin sirinji biyu na gilashi kamar sau 100, har su zama fari mai kauri. Wanda ya yi garaje, ruwa da mai za su rabu, allurar ta tashi a banza. Ana ɗura mililita ɗayan a kibiyar allura, a harba da bindigar iska, a kuturi kawai, inda tsoka ke da kauri. Dole a je a ɗauko kibiyar a duba ko ta juye duka, domin takan faɗi da magani a ciki. Bayan makonni kaɗan a maimaita, sannan kowace shekara. Sai wanda ya yi horo ya samu shaida ake ba shi maganin, kuma hakan daidai ne.

A ƙananan garkuna da aka san kowace goɗiya da kamanninta da hotonta, kamar na McCullough Peaks a Wyoming da Spring Creek Basin a Colorado, ta yi rawar gani. Tana da aibu: ƙurji a wurin allura, goɗiya ta ci gaba da neman ingarma, wata kuma in magani ya sake ta sai ta haihu a makare, dukushi ya tarar da sanyi.

Ga mai damuwa da barewa mai dogon kunne, wadda ake kira mule deer, yana kuma fatan allurar za ta rage mata dawakin da suke zaune a fili ɗaya da ita, kada ya sa rai da yawa. Barewar nan na saukowa daga duwatsu da kitsen da ta tara, ta yi hunturu tana cin ganyen wasu ƙananan itatuwa, sejburosh da bitaburosh. Doki ciyawa ya fi ci, don haka ba a kan abinci suka fi karo ba. Ɓarnar tana wajen maɓuɓɓugar ruwa da dawaki ke mamayewa, da ƙasar da kofato ya daddage, inda wata baƙuwar ciyawa mai suna cheatgrass ke samun shiga. Ita kuwa saurin kama wuta gare ta, kuma sejburosh da ya ƙone yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya dawo.

Allura ba ta cire doki ko ɗaya daga fili. Hasali ma goɗiyar da ta huta da haihuwa ta fi daɗewa a duniya, kamar yadda aka gani a tsibirin Assateague da ke gaɓar tekun gabashin Amurka, inda aka fara gwajin a 1988. A Maris 2020 hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin Amurka, ta ƙiyasta dawaki da jakunan jeji kusan 95,000 a filayen da ta ce za su iya ɗaukar kimanin 27,000, kuma garken da aka bari yana ƙaruwa da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a shekara. A manyan filayen Nevada, inda doki ke gudu tun daga nesa, ba a samun kusantar goɗiya ɗaya kowace shekara. A can sai an fara rage garken tukuna, kuma wata allurar hana haihuwa mai suna GonaCon, da aka yi wa rajista don dawaki a 2013, ta fi dacewa, tunda bayan allura ta biyu takan yi aiki na shekaru.