Bahamas ko Grenada zuwa Martinique: ina ya fi a ci hunturu a jirgin filafili?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kai makanikin injin dizal ne, jiragen filafili biyu sun nemi ka bi su daga Disamba zuwa Afrilu, ɗaya zai zauna a tsibiran Bahamas, ɗayan zai yi ta kai da kawowa tsakanin Grenada da Martinique a gabashin Karibiyan, kuma ba ka taɓa kwana a kan teku ba. Kana so ka ji wanne ya fi. Na ci hunturu guda a kowannensu ina aikin hannu a jirgin wasu, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

In ni ne kai, na Grenada zan shiga. Ba don ya fi kyau ba, domin in ana maganar kyan ruwa ban taɓa ganin kamar na Bahamas ba. Dalilina iska ce. Wanda ke zaune a jirgin filafili, iska ke yanke masa inda zai kwana, da ranar da zai tashi, da ko zai yi barci a daren ko ba zai yi ba. Iskar wuraren nan biyu kuwa hali daban gare su.

A yankin Grenada, Saint Vincent, Saint Lucia da Martinique, iska ɗaya ce ke kaɗawa duk tsawon hunturu, daga gabas ko gabas maso arewa, gudunta kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa. Wajen ƙarshen Disamba da Janairu takan ƙara ƙarfi, mutanen wurin suna ce mata iskar Kirsimeti. Amma alƙiblarta ba ta cika sauyawa ba. Tsibiran kuma a jere suke daga kudu zuwa arewa, manyan duwatsu ne masu tsawo, don haka ɓangaren yamma na kowane tsibiri a kāre yake. Ka shiga lungu a yamma, ka jefa anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan teku ya riƙe jirgi wuri ɗaya, ka tabbatar ta kama, shi ke nan. Mun yi kwana 19 a Sainte-Anne ta Martinique ba mu ɗaga anka ko sau ɗaya ba.

Bahamas tana arewa, maƙwabciyar Florida ce, kuma sanyin da ke saukowa daga Amurka yana iso ta. Kusan kowane mako ko kwana goma sai wata iskar sanyi ta ratso. Kafin ta iso, iskar gabas za ta juya kudu, ta koma yamma, sannan ta faɗo daga arewa maso yamma da ƙarfi, wani lokaci da ruwa da tsawa. Matsalar ita ce mafi yawan wuraren jefa anka a tsibiran Exuma daga gabas kawai suke da kariya. Da iska ta koma yamma, wurin da ya zame maka mafaka jiya ya zama tarko yau, gaɓar dutse tana bayanka, raƙuman ruwa suna tura ka gare ta. Shi ya sa rayuwar can ta zama ta sauraron hasashen yanayi kullum da asuba, da lissafin inda za a ɓuya kafin Laraba.

Akwai daren da ba na mantawa. Mun makara wajen sauya wuri, iska ta juya da misalin ƙarfe biyu na dare, ankarmu ta saki ƙasa ta fara jan ciki a kan yashi. Na rarrafa zuwa goshin jirgi da tocila a baki, ruwan gishiri yana dukan fuskata, sarƙa tana fizga kamar za ta tsinke, mai jirgin yana riƙe da sitiyari yana kiran sunana ba na jin abin da yake cewa. Sau uku muka jefa kafin ta kama. Har gari ya waye babu wanda ya runtsa, muna zaune cikin rigunan sanyi muna kallon fitilar jirgin da ke kusa da mu, muna auna ko tazarar tana raguwa. Irin wannan dare ba kullum ba ne, amma duk wanda ya ci hunturu a Bahamas yana da nasa.

Wannan bambanci har salla ya taɓa, kuma na san zai dame ka. Jirgin da ke kan anka kullum goshinsa yana fuskantar inda iska ke fitowa. Daga yankin Grenada, alƙibla tana gabas maso arewa kaɗan, wajen digiri 66 daga arewa, wato kusan daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Sai ya zamana in na shimfiɗa darduma a saman jirgi na fuskanci goshi, na duba kamfas, galibi gyara kaɗan nake yi. Wannan abu ya sanyaya mini rai ƙwarai. A Exuma kuwa, ban da juyawar iska, ga ruwa mai gudu tsakanin tsibirai da ke sauya hanya duk bayan awa shida, sai ka tayar da kabbara kana fuskantar alƙibla, kafin ka sallame jirgi ya karkata. Dole kamfas ya kasance a gabanka. Maganar alwala kuma kada ta dame ka ko'ina ka je: hadisin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, a kan irin rayuwar nan ya zo. Guga da igiya sun ishe ka.

Sai zurfi. Bahamas tsibirai kusan 700 ne da ƙananan tsibirai fiye da 2,000, shimfiɗaɗɗu, wurin da ya fi tsawo a duk ƙasar bai wuce mita 63 ba, yana tsibirin Cat. Tsakaninsu akwai wani makeken fili na ruwa marar zurfi, za ka yi tafiyar yini guda ba ka ga ƙasa ta kowace fuska ba, amma ruwan da ke ƙarƙashinka mita uku ne ko huɗu, kana ganin inuwar jirginka tana bin ka a kan farin yashi. Abin yana da kyau har ya sa mutum tasbihi. Amma a cikin wannan fili akwai curin murjani, duwatsun da ke girma a ƙarƙashin teku, da ke tasowa har kusa da sama, kuma ba dukansu ke kan taswira ba. Don haka ake koyon karanta ruwa da ido. Mutum ɗaya ya tsaya a goshi, rana tana sama kuma tana bayansa, daga hantsi zuwa bayan azahar. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Kore-kore mai haske yashi ne, da sauran wuri. In ya koma fari-fari, ruwa ya ƙare. Baƙin tabo mai kaifin gefe murjani ne, a kauce masa. Mai dishi-dishin gefe ciyawa ce ko inuwar gajimare. Sai da na yi wata guda kafin idona ya fara rarrabewa. Jirgin da ƙasansa ya nutse mita biyu a ruwa yana shan wahala a can, kullum yana jiran cikowar teku. Tambayi mai jirgin Bahamas ɗin nan nawa nasa ke nutsewa, amsar za ta nuna maka irin hunturun da za ku ci.

A kudu abin akasin haka ne. Tsibiran duwatsun aman wuta ne, daga gaɓa kaɗan ruwa ya yi zurfi. Dutsen Soufrière na Saint Vincent ya yi aman wuta a Afrilun 2021, na Pelée kuma shi ya hallaka garin Saint-Pierre na Martinique a 1902, mutane kusan 28,000 suka rasu, har yau gawarwakin jiragen da suka nutse ranar suna ƙasan tashar. Ba ka fargabar gogar ƙasa sosai, sai a yankin Grenadines, ƙananan tsibiran da ke tsakanin Grenada da Saint Vincent, inda murjani yake. Wahalar kudu tana mashigai tsakanin tsibiri da tsibiri. Nan Tekun Atlantika yake shigowa da dukan ƙarfinsa, raƙuman ruwa na mita biyu, wani lokaci fiye, suna dukan jirgi ta gefe. Tsakanin Saint Vincent da Saint Lucia kusan kilomita 40 ne, kuma ya yi ƙaurin suna. Ba zan ɓoye maka ba, za ka yi jiri, mai yiwuwa ka yi amai. Amma awa huɗu ne zuwa shida, da rana, kana ganin dutsen da ka nufa tun daga nesa, kuma da kun shiga inuwar tsibiri ruwa zai kwanta. Wahalar da ka san farkonta da ƙarshenta ta fi sauƙin ɗauka ga sabon shiga a kan wadda ke tashe ka tsakar dare. Abu ɗaya da zan ƙara: in guguwar hunturu ta yi ƙarfi can arewacin Atlantika, tana aiko da doguwar igiyar ruwa da ke shiga lungunan yamma, jirgi ya yi ta rausaya kwana biyu ko uku, kofi ba ya zama a tebur.

Abinci da ruwan sha kuwa, nan ba a haɗa su. Bahamas ba ta da kogi, ƙasarta ba ta noma sosai, kusan komai daga Amurka ake kawowa, dalarsu kuma daidai take da dalar Amurka. A ƙananan tsibirai kanti yana cika ne ranar da jirgin kaya ya zo, sau ɗaya a mako, in ka makara sai albasa da gwangwani. Ruwan sha daga na teku ake tacewa. Masu jirage sukan cika kowane lungu da shinkafa da gwangwanaye tun daga Florida. Abin da ke da yawa shi ne kifi da wata ƙatuwar katantanwar teku da suke yanka ɗanya da lemun tsami da barkono, sai dai a gandun ruwa na Exuma da aka kafa a 1958 an hana kama komai.

Ranar da na fara shiga kasuwar St. George's ta Grenada kuwa, sai da na tsaya cak. Ga doya, ga gwaza, ga kuɓewa, ga rogo da dankali, ga tsamiya an dunƙula da sukari. Wata dattijuwa tana zaune gaban tulin jan fure, na ɗauka na shinshina, zoɓo ne, zoɓonmu sak. Su ma jiƙa shi suke yi da citta da kanumfari, abin shan Kirsimetinsu ne. Na sayi leda guda na koma jirgi na dafa, ranar ce kewar gida ta sake ni. Ka dai riƙa tambaya kafin ka sha nasu, wasu suna zuba masa giya, kuma naman alade yana shiga girkinsu da yawa. Kifi ne zai zama namanka a wuraren biyu. Ka guji manyan kifayen da ke zaune a murjani, musamman barakuda, suna ɗauke da wata guba da dahuwa ba ta kashe ta.

Takardu: Bahamas ƙasa ɗaya ce, sau ɗaya za ku shiga kwastan ku huta. A kudu, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba tana ratsa hukumomi huɗu, kowacce sai an yi shiga an yi fita. Grenada, Saint Vincent da Saint Lucia kuɗinsu ɗaya, dalar gabashin Karibiyan, 2.70 a dalar Amurka ɗaya. Martinique kuwa Faransa ce, yuro ake kashewa, kuma bizar Turai ta yau da kullum ba ta wadatar ba, akwai ta yankunan Faransa na ƙetare. Jiragen Bahamas kuma galibi daga Florida suke tashi su koma can, wato kana bukatar bizar Amurka. Ka fara da wannan tun kafin ka amsa wa kowa. Tsallakawar ma kanta, daga Miami zuwa Bimini ta Bahamas kusan kilomita 80, sai an ratsa wani ƙaƙƙarfan ruwa mai gudu zuwa arewa, ba a shigarsa in iska tana fitowa daga arewa, mutane kan yi mako biyu suna jiran rana mai kyau.

Kada ka yarda a ja ka har cikin damina. Lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Dorian ta ragargaza Abaco ta Bahamas a Satumban 2019. An daɗe ana ɗaukar Grenada a matsayin mafaka saboda tana can kudu, amma Ivan ta daidaita ta a 2004, Beryl kuma ta faɗa wa Carriacou ta Grenada da tsibirin Union da ke kusa da ita ranar 1 ga Yulin 2024, tun kakar ba ta yi nisa ba. Afrilu ko farkon Mayu ka kama hanyar gida.

Ta fuskar sana'arka, a Bahamas za a fi bukatarka, domin inji yana aiki sosai wajen ratsa ƙananan mashigai masu ruwa mai gudu, kuma kayan gyara suna da nisa, sai an aiko daga Amurka. A George Town ta Exuma, inda jirage ɗaruruwa ke taruwa a Fabrairu, kowace safiya ana cigiyar makaniki a rediyon jirage. Amma a Le Marin ta Martinique za ka fi koyo: gari ne da kusan ba shi da wani aiki sai jirage, shagunan kayan inji a jere, ƙwararru a kowane fanni. Ka ci hunturun farko a kudu, cikinka ya saba da teku, hannunka ya saba da igiya da anka, sannan ka nemi Bahamas a shekara ta biyu. Ranar tsallaka mashigi ta farko ka ci abu mai sauƙi, ka sha maganin jiri awa guda kafin a ɗaga anka, ka zauna a waje idonka a kan inda sama ta haɗu da ruwa, kuma ko inji ya yi tari kada ka sauka ɗakinsa sai kun shiga inuwar tsibiri, in dai ba dole ba.