Damina biyu a sabon rukunin gidaje na bayan Tumfure: sharhina kan gidan da muka saya

A watan Janairun 2024 muka kwashe kayanmu daga gidan haya a unguwar Jekadafari da ke cikin garin Gombe, muka koma sabon rukunin gidaje da wani kamfani ya gina a gefen hanyar Bauchi, in ka wuce Tumfure kamar za ka filin jirgin sama na Lawanti. Tun daga lokacin da wuya mako ya wuce wata abokiyar aiki ko 'yar uwa ba ta tare ni ba: "Malama, ya gidan naku? Mu ma mu shiga?" Kullum amsata ita ce su bari in ga damina tukuna. To yanzu na ga biyu, bakina ya buɗe.

Abin da ya fara jan mu shi ne tsarin biya. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma yana da damar neman rance daga bankin gidaje na tarayya a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Mun zauna mun yi shawara, hankalinmu bai kwanta da maganar kuɗin ruwa ba. Wannan kamfani kuwa ya yanka farashi guda, ka ba da kafin alƙalami, sauran ka riƙa biya wata-wata ba ƙari. Sun cika wannan alkawari. Duk da yadda siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo a tsakanin, ba su taɓa zuwa mana da zancen ƙarin ko sisi ba, kuma wannan abin a yaba musu ne. Takardu ne suka ja mu, sai da muka yi wata takwas muna sintiri kafin su ba mu abin da za mu kai hukumar filaye ta GOGIS don neman takardar mallaka. Duk mai niyyar saye, ya fara zuwa can ya tabbatar da asalin filin kafin ya saki kuɗinsa.

Ginin mai kyau ne. Ɗaki uku da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa. Kafin mu biya, ƙanin maigidana, wanda magini ne, ya zo ya zagaya. Ya ɗauki bulo guda cikin ragowar da aka jibge a gefe, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake. Bulon ya rabe biyu, bai marmashe ba. Ya karkaɗe hannu ya ce wa yayansa, "Yaya, sun sa siminti, ba su yi ha'inci ba." Buhunan simintin Ashaka ne birjik a wurin. Har yau babu tsaga ko ɗaya a bangonmu, kwano bai taɓa yoyo ba, tayil bai ɗaga ba. Danshi ne kawai yake hawowa ƙasan bangon ɗakin yara duk watan Agusta, fenti ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ƙanin namu ya ce ba a shimfiɗa ledar da ke tare danshi ba kafin a zuba daɓe, kuma gyaransa bayan an gama gini wahala ce.

Inda na fi jin ciwo shi ne zanen gidan. Wanda ya zana shi bai yi tunanin irin zamanmu ba. Babu zaure, babu ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, baƙo namiji yana turo get sai ga shi a tsakar gida yana kallon ƙofar kicin. Katangar gajeriya ce, mai wucewa a kan babur yana hango shanyarki. Kicin ɗin kuma na tukunya ɗaya ne a kan gas, babu inda za ki kafa murhu ranar suna ko Sallah, babu inda turmi zai zauna. Mun ƙara layi uku na bulo a katanga, mun yi rumfar kwano a baya don girkin itace, mun ja ɗan bango tsakanin get da tsakar gida. Kusan kowane gida da aka tare an yi irin wannan. Da kamfanin ya tambayi mata biyar kacal kafin ya zana, da ya hutar da mu kashe kuɗi sau biyu.

Ruwa kuwa, a nan suka ci kuɗinsu halak malak. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san abin da nake nufi. Ruwan famfon cikin gari daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, can gabas a kan kogin Gongola, mu kuwa muna yamma a kan tudu, bututu bai iso rukuninmu ba, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan ɓangare yana da nisa ƙwarai. Kamfanin ya haƙa burtsatse mai zurfi, ya sa masa injin da ke aiki da hasken rana, ya ɗora tankuna huɗu a kan dogon ƙarfe, daga nan ruwa ke gangarowa kowane gida. Da misalin ƙarfe tara na safe za ki fara jin ƙarar zubarsa cikin tanki, kafin la'asar sun cika.

Ban san darajar wannan ba sai bayan ƙaramar Sallar 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi. Makonni aka yi babu wuta a Gombe da maƙwabtan jihohi. Masu burtsatse a cikin gari sai da janareta, ga fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kurar ruwa ta zama sai wane da wane. Yayata da ke Pantami takan tashi yaranta tun asuba su tsaya bakin titi tsaron 'yan ga-ruwa. Mu ko sau ɗaya famfonmu bai ƙafe ba. Ranar wata Asabar ta zo da wankinta cikin buhu biyu a Keke Napep, muka baje a bayan gida, ta buɗe famfo ta tara hannu ta daɗe tana kallon ruwan yana zuba kafin ta ce, "Ke dai kin huta, Allah ya sa mu a danshinku." Da yamma ta koma da jarkoki shida cike.

Amma a san wani abu. Injin rana da rana yake aiki. In aka yi kwana biyu ana lumshi a watan Agusta, ko hazon hunturu ya lulluɓe farantan da ƙura, ruwa yakan ja baya, kuma gidajen da ke can saman layi su ne farkon rasawa saboda tsayinsu ya kusa na tankin. Sai da muka yi ta kai ƙorafi kafin muka gane ba lalacewa ba ce, shafa farantan suke so. Yanzu duk Juma'a da safe ɗaya daga cikin masu gadi yakan hau da tsumma da bokiti. Abin da ke damuna shi ne gaba: da muka tare gidaje 11 ne ke da mutane, yanzu mun haura 30, burtsatsen kuma guda ɗaya ne. Tun bana an fara rufe layi ɗaya da safe a buɗe ɗaya da yamma.

Wuta ba zan daɗe a kanta ba. Takardar tallarsu ta ce akwai taransifoma, mun zo mun tarar da turaku da wayoyi kawai. Wata biyar muka yi babu wuta, daga ƙarshe mazauna suka yi karo-karo aka cika wa kamfanin. Kowane gida da mitar kati. Yawancinmu mun sa 'yar sola ta fanka da fitila.

Babbar matsalar wurin nan magudanar ruwa ce, kuma saboda ita na ce sai na ga damina. A rani komai tsaf: titin burji, lambatu na siminti hagu da dama. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne inda lambatun ya ƙare. A gindin katangar rukunin ta gabas ya tsaya cak, ya buɗe baki cikin gonar mutane. Wurin nan dā gonaki ne, ƙasa mai yashi tana shanye ruwa. Yanzu an rufe ta da kwano da daɓe, duk ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje sai ya taru ya bi hanya ɗaya da ƙarfinsa.

Wani dare a watan Agustan 2024 aka fara ruwa bayan isha'i, bai tsagaita ba sai wajen ƙarfe biyu. Muna kwance muka ji ana dukan get. Maƙwabciyarmu ce ta layin ƙasa, goye da jariri, zanenta sharkaf. Ledoji da yashi sun toshe bakin lambatun, ruwa ya dawo da baya ya shiga gidaje uku. Maigidana da sauran maza suka fita da tocila da shebur, mu kuma muka kwantar da yaranta a falonmu. Da gari ya waye na je gidan. Katifu a jiƙe, littattafan yara sun manne da juna, buhun masarar da ta sayo a Tudun Hatsi kwana uku kafin nan ya sha ruwa har rabi. Muka baje masarar a kan tabarmi a tsakar gidana, kwana huɗu muna juya ta, duk da haka ƙasan buhun sai kaji. A bayan katanga kuma, inda ruwan ya samu ya fashe, rami ya buɗe har gwiwa.

Ina tsaye ina kallon ramin wani dattijo da ke noma gefen wurin ya ƙaraso da fartanyarsa a kafaɗa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka ga ɓarnar da aka yi maka." Ya ce, "'Yata, nan hanyar ruwa ce tun ina yaro. Mahaifina ma bai taɓa shuka a wannan layin ba. Na faɗa wa masu awon, ba su saurare ni ba." Mutumin Gombe ba sai an yi masa bayanin kwari ba, wato ramin da zaizayar ƙasa ke haƙawa. Mun ga wanda ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa unguwar Malam Inna, mun ga na Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), mun san gidajen da suka rufta da irin kuɗin da aka zuba da tallafin Bankin Duniya kafin a shawo kansu. Kowannensu da ɗan rami irin wannan ya fara. Shi ya sa nake ganin kamfanin da zai gina gidaje a garin nan ya bar lambatu ba mafita ba shi da uzuri ko kaɗan.

Mun rubuta musu, mun je ofis. Injiniyansu ya zo, mutum mai ladabi, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, za a duba." Suka zuba tifa biyu ta jar ƙasa, ruwa na gaba ya tafi da ita. A damina ta biyu ramin ya kai ƙirjin babban mutum, saura taku kaɗan ya taɓa harsashin katanga. Mu da kanmu muka jera buhunan yashi, muka dasa kashe-kwari da jema a gefensa bisa shawarar dattijon nan, kuma sun riƙe ƙasa fiye da yadda na zata.

Kuɗin hidima da muke biya duk wata na ruwa ne da gadi da kwashe shara. Masu gadi biyu ne, suna ƙoƙari, babban cikinsu ya san kowane yaro da sunansa. Motar shara ce sai ta ga dama, kuma ledojin da iska ke kwasa daga bola su ne ke toshe mana lambatu. Wani abin da kamfanin ya kamata ya sa wa ido shi ne gidajen da aka saya aka kulle. Masu su suna Abuja ko Kaduna, ba su tare ba, ba su ba da haya ba. Ciyawa ta kai kugu, an kashe maciji sau biyu a gidan da ke jikin namu, kuma ta irin waɗannan gidaje ɓarayin waya suke haurowa su farke silin su zare wayoyi.

Nisa ma a lissafa shi. Daga get zuwa bakin kwalta tafiya ce mai ɗan tsawo, masu Keke ba sa son shigowa in ƙasa ta jiƙe, kuma kuɗin kai yara makaranta cikin gari ya kusa cinye abin da muka huta biya na haya. Babu asibiti kusa. Daren da naƙuda ta kama amaryar layinmu mijinta ba ya gari, wani maƙwabci ne ya fito da motarsa ƙarfe ɗaya na dare, ni da matarsa muka raka ta. Irin wannan zumunci ban same shi ba a shekara tara da na yi a gidan haya. Kowa baƙo ne a nan, kowa na bukatar ɗan uwansa. Masallacinmu da rumfar kara ya fara, yanzu ya kai linta, a nan maza ke taro duk Lahadin farkon wata bayan la'asar. Mu mata muna da adashenmu. Matan rugar da ke bayanmu kan kawo nono da man shanu da hantsi, kuma tun da shanunsu suka cinye dogon yaron da muka dasa a bakin titi aka zauna da ardonsu aka daidaita, muka kewaye sabbin da ƙaya.

Ga masu tambayata ko su shiga: in kina da abin hawa a gida, kuma za ki iya ware wani abu don katanga da rumfa, ki shiga, ni ban yi nadama ba. Amma kada ki je dubawa a watan Janairu kamar yadda muka yi. Ki je a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ki bi lambatu da ƙafarki har inda ya ƙare. Ki zaɓi gida a layin tsakiya, na sama yana fama da ƙarancin ruwan famfo, na ƙasa yana fama da ruwan sama. Ki sa a rubuta miki maganar taransifoma da magudana cikin takardar yarjejeniya.

A taron watan jiya kamfanin ya sa hannu cewa zai ja lambatun da kankare har zuwa rafin da ke ƙasa kafin ruwan farko, mu kuma za mu ɗauki kuɗin leburori. Ranar Asabar tifa ta sauke tsakuwa da yashi a bayan katanga. Rodi da siminti ne ba su iso ba tukuna.