Hattara da dillalin dokin da ke yanka wa mai saye lokacin zuwa

Masu sha'awar dawaki, akwai wani dillali da ke tallan dawaki da kuru da alfadarai a Facebook da WhatsApp. Ba zan kama suna ba, tunda kullum cikin sauya shi yake, amma salonsa bai canza ba, kuma da shi ya cuce ni.

Hoton wani ingarma akawal ya saka, wai shekararsa 6, lafiyayye, ko yaro zai hau. Da na kira, ya ce mutum uku na jira, in ina so in tura kafin alƙalami. Na tura. Da na ce zan zo in gani, sai ya ce gobe da hantsi, kada in riga lokaci, kada in wuce. A nan ya kamata in farga.

Na tarar da doki tsaye shiru kamar an dasa shi, kai a sunkuye, ido a lumshe, leɓen ƙasa a sake. Ni kuwa na ɗauka horo ne. Na hau, ya tafi sumul, na cika kuɗi. Kwana biyu a turkena sai ga shi yana ɗingisa ƙafar gaba ta hagu, kuma dokin da aka ce yaro zai hau ya kusa fasa wa ƙanena ƙirji da harbi.

Likitan dabbobi da na kira bai yi mamaki ba. Ya ce irin waɗannan mutane kan ba doki maganin kashe ciwo, phenylbutazone, ya ɓoye ɗingishi na kamar yini guda, su haɗa da acepromazine mai kwantar da dabba. Shi ya sa sai lokacin da suka zaɓa za ka zo. Sannan ya buɗe bakin dokin. Haƙoran gaba na ƙasa suna da ɗan baƙin rami da ke shafewa tsakanin shekara 6 zuwa 8, to macuta kan tona sabon rami su ƙona shi da ƙarfe mai zafi don tsoho ya koma matashi. Abin da dillalin bai iya ɓoyewa ba shi ne wani tsagi a haƙorin gefe na sama, wanda ke fitowa wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori wajen 15. Na dokina ya wuce rabi.

Wani da na haɗu da shi daga baya, alfadara dillalin nan ya sayar masa, wai za ta haifa masa 'ya'ya. Alfadara fa! Sai ka shekara nawa ba ka ji labarin wadda ta haihu ba.

Don haka in za ku saya, ku je ba sanarwa, ku sake komawa wata rana. A kora dokin a ƙasa mai tauri ku saurari kofato, ku ɗaga ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, ku tafi da likita ko wanda ya san haƙori. Kada ku tura ko sisi kan hoto.

Lambar dillalin a kashe take tun ranar. Jiya na ga hoton akawal ɗin nan, wanda ke ɗaure a gidana, a wani sabon shafi, har yanzu shekararsa 6.